Wace manhaja ta dace da fitar da fim ɗin ɗigo-ɗigo na buga riguna?

Rubutu da tambari kowace manhaja tana fitar da su a fim, wato takardar roba mai wuce haske da ake buga zane a kanta da baƙar tawada. Inda ake rabuwa shi ne hoto mai duhu da haske a launi guda, wanda dole a farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo kafin a ƙona allo, wato a haska zanen fim ɗin a kan ragar da aka ɗaure a firam, wadda tawada ke bi ta cikinta zuwa riga. In kusurwar da ɗigon suka jeru ta yi karo da saƙar raga, sai wani zane kamar igiyar ruwa ya bayyana a ƙirjin riga, kuma ba shi da magani sai sabon allo.

Saboda haka tambayata ga kowace manhaja ɗaya ce: tana bari na kafa kusurwa da hannuna? Kusurwoyin da suke zuwa a saite, wato digiri 15 ga shuɗi, 75 ga ja, 0 ga rawaya, 45 ga baƙi, na injin ofset ne, mai buga littattafai da jaridu a takarda. Zaren raga a 0 da 90 yake kwance, shi ya sa yawancin masu buga riguna ke sa dukkan launuka a digiri 22.5, da layin ɗigo 45 zuwa 55 a inci.

CorelDRAW ba ya buɗe maka wannan saitin sai da firinta mai PostScript (harshen da wasu firintoci ke karanta aiki da shi), firintocin Epson da muke amfani da su kuwa ba su da shi. Photoshop yana yi ta hanyar Bitmap, wato mayar da hoto baƙi da fari zalla, amma launi bayan launi, kuma da ka canza girman hoton ɗigon sun lalace. Ghostscript kyauta ne, ga mai haƙurin rubuta umarni.

Ni dai AccuRIP nake so, ban ɓoye ba. Yana zama a kwamfuta tamkar firinta, ka tura aiki kai tsaye daga CorelDRAW ko Illustrator. Sau ɗaya za ka saita kusurwa da yawan layi da siffar ɗigo, kowane launi ya fito a kan saiti guda. Abin da ya fi burge ni shi ne kai kake ƙayyade yawan tawadar da ke sauka a fim. Ɗaga fim ɗin a rana: baƙin ya toshe haske ƙirin, ƙananan ɗigon gefen inuwa suna nan daram. Da dala ake biyansa, kuma ba kowace firinta yake karɓa ba, sai ka duba sunan taka a jerinsu kafin ka fitar da kuɗi.

Amma don Allah a yi hattara da masu yawo da shi a filashi, wai an fasa makulli, a ba ka da araha. Tsakiyar aikin rigunan makaranta zai tsaya, ga ƙwayar cuta a kwamfuta. Haka masu miƙa maka leda mai sheƙi a matsayin fim, tawada ta ƙi bushewa, ɗigo ya haɗe da ɗigo.

Mafi muni ita ce cutar masu sayar da raga. Wani mai shago ya sayar mini da yadi yana rantsuwa 120 ne. Gaskiya ya faɗa, amma zare 120 a inci, alhali 120T da nake nema a santimita ake ƙirga shi, kusan 305 a inci ke nan. Rigunan mutane suka tafi a banza, kusurwa kuwa lafiyarta ƙalau. Ɗigo mai layi 55 yana buƙatar raga 230 a inci ko sama, wato 90T. Ka tafi kasuwa da gilashin ƙara girma da rula, ka ƙirga zaren a gaban mai shago kafin ya sa almakashi.