Aji ko ɗakin gwaji: ina ma'aikatan tashar nukiliya ke koyon aiki tare?

Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta Amurka, wani bawul ya maƙale a buɗe, ruwan sanyaya injin yana ta zurarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna an aika umarnin rufewa ne kawai, su kuwa suka ɗauka ya rufu, har suka rage ruwan gaggawa. Sai bayan fiye da awa 2 wanda ya zo karɓar aiki ya gano inda gizo ke saƙa.

Don kauce wa irin wannan kuskure ake horar da ma'aikata, a aji ko a ɗakin gwaji. Horon aji yana da arha, kuma a nan ake koyon ƙa'idar magana sau uku: shugaba ya ba da umarni, ma'aikaci ya maimaita, shugaba ya tabbatar. Amma a aji kowa jarumi ne.

Ɗakin gwaji daban yake. Kwafin ɗakin sarrafa tashar ne, maɓalli da maɓalli, kwamfuta ke tafiyar da shi. Ana shigar da rukunin da ke aiki tare gaba ɗaya, malamai su jefo musu matsala ba sanarwa, ƙararrawa ta cika ɗaki. A nan ake ganin ƙaramin ma'aikacin da ya hango kuskure amma kunyar babba ta ɗaure masa baki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Bayan an gama a zauna a bi abin da ya faru dalla-dalla.

Ɗakin gwaji yana da tsada, kuma sai an janye rukuni guda daga bakin aiki. Duk da haka, da zaɓi ɗaya aka ba ni, shi zan ɗauka.