Oda Kazumasa ko Yamashita Tatsuro: ga faifan da za ka saya

Ƙanena, sayi na Oda. Tunda kuɗin faifai ɗaya ne a hannunka, kuma waƙoƙin tallan talabijin na Japan masu sanyi kake bi, tsakanin mawaƙan Japan ɗin nan biyu ɗauki Jiko Best na Oda Kazumasa, ka bar faifan waƙar Christmas Eve na Yamashita Tatsuro sai wani jiƙon. Duka biyun suna nan a ɗakina. Na Oda har murfinsa ya tsage don yawan buɗewa, ɗayan kuwa sai na kaɗe masa ƙura kafin in ga rubutun jikinsa.

Shekarun da na yi ina aiki a wani yadin motoci a wajen Nagoya, ɗaki nake haya a gidan wata tsohuwa. Takan kira ni cin abincin dare, kifi da shinkafa, don ta san abin da ba na ci. Talabijin kullum a kunne yake, ba mai kula shi. Wata rana aka sako tallan kamfanin inshorar rai na Meiji Yasuda. Babu ɗan fim a ciki, babu mai ihu a zo a saya. Hotuna ne kawai na mutanen gari, waɗanda su da kansu suka aika wa kamfanin: kaka ta rungume jika, uba ya saɓa ɗansa a wuya, yara sun yi caɓa-caɓa da ruwa suna dariya. A bayan hotunan wata siririyar muryar namiji tana tafe a hankali tare da fiyano. Tsohuwar nan ta ajiye tsinken cin abincinta, ba ta sake ɗauka ba sai da tallan ya ƙare. Mijinta ya rasu kafin zuwana gidan, hotonsa yana ajiye a kusurwar ɗaki. Ba ta ce min komai ba, ni ma ban tambaya ba. Washegari na roƙe ta sunan waƙar, ta rubuta min a bayan ambulan.

Sunanta Kotoba ni Dekinai, wato abin da baki ya kasa faɗa. Kuma haka waƙar take, domin a inda kake jiran amshi sai kalmomi su ƙare, ya koma "la la la" kawai. Shi ya sa ko ba ka jin Japananci za ta same ka. Asalinta ta ƙungiyar Off Course ce, a kundinsu na 1981, lokacin da Oda yake cikinta. A wasannin da suka yi a zauren Budokan na Tokiyo a 1982, kuka ya ci ƙarfinsa yana tsakiyar rera ta, kuma Japanawa masu shekaru har yau suna ba da labarin. Kamfanin Meiji ya ɗauke ta a talla a 1999, tun kafin ya haɗe da Yasuda a 2004, sai ga waƙar da ta kusa shekara 20 ta dawo sabuwa a kunnen yaran da ba a haife su ba lokacin da ta fito.

Na sayi faifan a wani reshen Book Off, shagon sayar da littattafai da faya-fayai na hannu, kuɗinsa bai kai na abincin rana biyu ba. Bayan wata huɗu aka kira ni cikin dare cewa Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ka san yadda muke, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ni kuwa ina can wata uwa duniya. Na yi addu'o'ina, na karɓi gaisuwa ta waya, na koma aiki. Sai bayan makonni, ina zaune cikin wata mota da nake jiran a ɗora a tirela, na ciro hotonsa guda ɗaya da nake da shi a walat, na sa faifan. A ranar ne na yi kukan da ban samu yi ba. Don haka idan ka ga na karkata, na karkata ɗin, kuma na faɗa maka dalili.

Amma ko an cire labarina, faifan ya ci kuɗinsa. Ya fito a 2002, an sayar da fiye da miliyan 2, kuma ya haɗa waƙoƙin zamanin Off Course da Oda ya sake rerawa da kansa da waɗanda ya yi bayan ya zama shi kaɗai. Akwai Sayonara a ciki, akwai kuma wadda ta yi tashe da wasan kwaikwayon Tokyo Love Story a 1991. Mutumin haifaffen Yokohama ne a 1947, zanen gine-gine ya karanta a jami'a, kuma ni dai ina jin haka a waƙoƙinsa, ba ya cusa abin da ba a buƙata. Za ka iya sa faifan daga farko har ƙarshe kana tuƙi ko kana guga ba ka tsallake ko ɗaya ba, a kowane wata na shekara.

Abu ɗaya ka kiyaye. Ɗaya waƙar tallan Meiji Yasuda da mutane suke so, Tashika na Koto, ta 2005 ce, don haka ba ta cikin wannan. Tana cikin Jiko Best-2 na 2007. Sunayen sun yi kama, kada ka saya a guje ka ga ba wanda kake nufi ba ne. In tallan hotunan iyali na farko ne ya kama ka, na 2002 ne naka.

Na Yamashita kuwa, ba zan zalunce shi ba, Christmas Eve waƙa ce mai kyau. Ta fito a kundin Melodies a 1983, ba ta yi wani ƙara ba sai da kamfanin jirgin ƙasa na JR Tokai ya sa ta a tallan Shinkansen, jirginsu mai gudun tsiya, daga 1988. Wanda kowa ya fi tunawa shi ne na 1989, inda Makise Riho ta sheƙo da gudu cikin tashar Nagoya da kyauta a hannu, ta laɓe bayan ginshiƙi tana jiran saurayinta ya fito. Zamanin wayar hannu ba ta yaɗu ba, in ka makara ka rasa mutum. A Disambar shekarar waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon na faya-fayan da aka fi saya a Japan, shekara 6 bayan fitowarta, kuma ta riƙa dawowa jadawalin duk hunturu har kundin bajintar duniya na Guinness ya ba ta shaida a 2016. Ba waƙar coci ba ce, a Japan daren Kirsimeti na masoya ne da cin kaza. Sai dai ƙarfinta rabi a hoton tallan yake. Ka raba ta da tashar da sanyin Disamba, ka sa ta a watan Afrilu ana zabga rana, za ka ji wani abu ya ragu. Ni sau ɗaya ko biyu nake sa ta a shekara.

Kuma a kanta aka cuce ni. Na saya a hannun wani mai sayarwa a intanet cikin Disamba, daidai lokacin da farashinta yake tashi, ya ce bugun farko ne mai wuyar samu. Da ya iso sai ga ɗan ƙaramin faifan nan mai faɗin santimita 8, irin wanda rediyon motar da ke zuƙe faifai ba ya karɓa, ga tabon sitikar shagon haya a jikinsa. Na rubuta masa, shiru har yau.

Saboda haka, ko ba ka tambaya ba, ga abin da za ka yi kafin ka tura ko sisi. Kada ka yarda da hoton da aka kwafo daga shafin kamfani, ka ce a ɗauko maka hoton faifan da ke hannunsa, gaba da baya. Idan ƙasan ya yi kore ko shuɗi-shuɗi, kwafi ne aka buga a kwamfuta, na asali fari ne kamar azurfa. Faifan Japan na gaskiya yana zuwa da wata siririyar takarda da ke naɗe a gefen kwali, suna ce mata obi, kuma za ka ga lambar faifan da farashinsa da yen a buge. Na hannu yakan rasa obi, wannan ba laifi ba ne, amma dole kuɗin ya sauka. Wanda ya fito daga shagon haya shi ma yana yin waƙa lafiya lau, sai dai a faɗa maka gaskiya, a sayar maka da araha. Masu cutar mutane sun fi yawa a kayan Yamashita, domin ya daɗe yana ƙin sa waƙoƙinsa a manhajojin sauraro, ga kuma 'yan ƙasashen waje sun yi caa a kan tsofaffin waƙoƙin Japan na shekarun 1980, kowa yana ɗaga farashi yana cewa nasa ba a samu. Na Oda an buga shi da yawa, ya cika shagunan kayan hannu, duk wanda ya ce maka yana da wuya ƙarya yake. Wanda kuma ya ce sai ka sayi wata na'ura ta musamman don faifan daga Japan ya zo, rabu da shi, faifan CD na waƙa kowace na'ura tana karanta shi.

In Allah ya hore nan gaba kana son na Yamashita, kada ka sayi waƙa ɗaya tilo yadda na yi. Nemi Treasures na 1995, tana ciki tare da wasu, kuma ka saya da damina, ba a Disamba ba. Yanzu dai Jiko Best na 2002. In ka samu mai sayarwa, turo hotunan nan in duba maka kafin ka biya.