Gargaɗi ga 'yan'uwanmu na ƙasashen waje: a kiyayi cinikin babur ta waya

Assalamu alaikum. Na yi wannan rubutu ne saboda 'yan Katsina da Daura da ke neman halaliyarsu a waje, musamman na Saudiyya, da kuma iyalansu da ke nan gida. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, aka raba da naira miliyan 2 da dubu 740 da sunan sayen babura. Kuma ba shi kaɗai ba ne, don da idona na ga rasit uku na mutane uku daban-daban, dukkansu ɗauke da lambar babur guda.

Yaron direba ne a Jidda. Tun ƙarshen 2022 ya tafi, yana tara abin da ya samu don ya dawo ya yi aure ya kama sana'a. Wata rana ya ci karo da wani shafi a Facebook na wani mai cewa shi dilan babura ne a cikin garin Katsina, yana da Boxer da Jincheng da Haojue da roba-roba ta mata, duk sababbi a kwali. Abin da ya ja hankalin yaron shi ne tsarin da mutumin ya ce ya ware don 'yan waje kawai. Ka sayi babur a wurinsa, ka bar shi a hannunsa, shi zai nemo ɗan kabu-kabu mai amana, shi zai kula da bakin mai da gyara, kai kuma duk ranar Juma'a a turo maka balas ɗin naira dubu 20. Kana can kana aikinka, babur na nan yana yi maka nema.

Farashin da ya sa mashi naira dubu 850 ne a kan Boxer sabuwa. Duk wanda ke zaune a Katsina yana jin wannan kuɗi zai san da walakin, don sabuwar Boxer ta daɗe da haura miliyan. Amma wanda ke waje, farashin da ya bari a gida shi ne ke cikin kansa. Lokacin da ƙanena ya tafi, ba a cire tallafin mai ba, sai ranar 29 ga Mayun 2023 aka yi wannan, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Boxer ta kamfanin Bajaj ce na Indiya, Jincheng da Haojue da Lifan kuma na ƙasar Sin ne, ko da a nan aka haɗa su kayansu da dala ake shigo da su, shi ya sa da naira ta faɗi kuɗinsu ya ninka har ya wuce. Shi kuwa yaron a kunnensa dubu 850 ma tsada ce, bai ji ƙamshin arahar da za ta sa shi shakka ba. Da ya juya kuɗin zuwa riyal kuma sai ya ga abin bai fi ƙarfinsa ba.

Inda zuciyata ta fi ciwo shi ne maganar da mutumin ya shiga da ita. Na saurari saƙon muryar da kaina, har yanzu yana cikin wayata. Murya a natse, da sallama da salati, yana cewa: "Ɗan'uwa, shawara zan ba ka saboda Allah. Kada ka gaya wa 'yan gida tukuna. Mu da muke wannan harka mun gani, dangi su ne ke cinye guminku." Kuma gaskiya ɗaya ce, akwai inda hakan ke faruwa. Mun sha jin wanda ya turo kuɗin gini shekara da shekaru, ya dawo ya tarar ko tubali ba a aza ba. Mutumin nan ya san wannan miki, shi ya sa ya taɓa shi daidai wurin. Da ya raba yaron da duk wani mai ƙafar da zai taka ya je ya duba, sauran aikin ya zo mashi da sauƙi.

Ƙanena ya ba masu canji riyal, suka tura naira. Washegari aka aiko mashi da bidiyo: babur ja fil, leda a kan kujera, ana zagaya shi da waya, ana kiran sunansa ana yi mashi fatan alheri. Aka biyo da hoton rasit mai hatimi. Juma'ar farko dubu 20 ta shigo. Ta biyu ta shigo. Har mako shida ba fashi. A nan ne ya ƙara babura biyu, naira miliyan 1 da dubu 700, ya kuma jawo abokansa biyu da suke kwana ɗaki ɗaya, ɗaya ɗan Daura ɗaya ɗan Mashi. Balas ɗin da yake murna da shi kuwa nasa ne ake gutsurowa ana mayar mashi. Duk abin da ya dawo hannunsa daga farko har ƙarshe naira dubu 240 ne.

Bayan babura sun zama uku da mako biyu, labari ya fara canzawa. Yau taya da kaca sun ƙare, a turo dubu 45. Gobe inji ya buga, sai an sa ringi da fistin, dubu 85. Jibi an kama babur ɗaya a hanyar Batagarawa, sai an yi belinsa da dubu 60. Kowane da hotonsa: inji a kwance a ƙasa, hannun bakanike baƙi ƙirin da mai. Duk wanda ya taɓa riƙe babur ya san sabon inji ba ya neman ringi a wata biyu, sai dai in an gudu da shi babu bakin mai. Abin da sabon babur ke ci a watannin farko juyen bakin mai ne a kai a kai, kusan lita ɗaya, da ɗaurin kaca, da gyaran birki, wani lokaci fulogi. Kuma a al'adar masu ba da babur kabu-kabu, waɗannan ƙananan hidimomi tun ranar farko ake yanke wanda zai ɗauke su, galibi mai tuƙi ne. Ƙanena mota ya sani, bai san babur ba, sai ya yi ta turawa.

Sai da lambar mutumin ta yi kwana huɗu a kashe sannan ya kira ni, wajen ƙarfe ɗayan dare. Ya ce, "Yaya, na yi wani abu ban gaya maka ba." Ya yi shiru har na ɗauka layin ne ya katse. Ban yi mashi faɗa ba, don muryarsa kaɗai ta ishe ni. Na ce ya turo mani komai, kada ya goge ko harafi ɗaya.

Da safe na ɗauki bidiyon na shiga gari ina neman shagon. Ban sha wuya ba, don a bayan babur ɗin ana hango ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti da wani benci dogo. Na samu mai shagon, dattijo ne mai furfura, ya shekara da yawa yana wannan sana'a. Na gaishe shi, na miƙa mashi wayar. Ya sa tabarau ya kalla har sau biyu, sannan ya ce, "Malam, shagona ne, babur ɗin ma nawa ne, na sayar da shi tuntuni ga wani malamin makaranta. Amma wannan muryar ban san ta ba." Ya kira yaron shagonsa. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce akwai wani da ya zo sau uku ko huɗu, yana cewa zai tura wa yayansa hoto ya zaɓa, in ya gama ɗauka ya ba shi na goro ya tafi. Alhajin ya ciro littafin rasit ɗinsa ya ajiye kusa da wayata. Ko launin takardar ba ɗaya ba ne. Ya ce ni ne mutum na biyu da ya zo mashi da irin wannan bidiyo, yana maganar idonsa ya yi ja, don sunan shagonsa da mutuncinsa aka sa a gaba aka yi cuta.

Da daddare na sa ƙanena ya karɓo mani hotunan rasit ɗin abokansa. Na jera su a kan tabarma ina bin lambar bodi harafi bayan harafi da yatsa. Na farkon nasa, da na ɗan Daura, da na ɗan Mashi, lamba ɗaya ce, ko ɗigo ba a canza ba. Ɗaki ɗaya suke kwana, amma ba wanda ya taɓa haɗa takardarsa da ta ɗan'uwansa.

Kowane babur na da lambobi biyu da ba ya tarayya da wani a kansu: ta bodi, wadda aka buga a ƙarfen wuyansa ƙasa da kan babur, da ta inji, wadda ke jikin injin daga ƙasa. Su ne asalin babur, ba launi ko leda ba. Don haka in kana waje kana son saye, ka samu mutum naka, wanda ka san gidansu, ya je shagon da ƙafarsa. Ya fara tambayar farashi a shago uku kafin ya nuna shi mai saye ne. Ya kira ka ta bidiyo kai tsaye, ba ɗaukakke ba, ya aza yatsansa a kan lambobin nan biyu ya karanta maka, a rubuta su a rasit da sunanka a gabansa, ya karɓi makullai biyu. Kuɗi kuma sai babur na gabansa za su fita, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan shagon ko na mai shi. A namu, sunan shafin daban, sunan da ke rasit daban, sunan asusun kuma na wata mace ne, ya ce wai matarsa ce. In mai sayarwa ya ce yana da rajistar kamfani, ya ba ka lambar, ana duba ta kyauta a shafin hukumar CAC. Ka kuma sani kuɗin babur a kwali ba shi ne ƙarshe ba, akwai na haɗawa, da lamba, da takardu. Wanda ya ce maka duk ya haɗe su a cikin farashin da bai kai na kasuwa ba, cinikin biri a sama kuke yi.

Akwai kuma masu kawo babur ɗin da gaske, amma tsoho ne aka fesa wa fenti aka lulluɓe da leda. Mai idon sana'a yana gane shi: kawunan noti sun sha sifana, cikin salansa ya yi baƙi, robar matakin ƙafa ta sule, 'yan gashin nan na jikin sabuwar taya babu su. Mita ba shaida ba ce, ana mayar da ita baya. In kuwa aka ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, a bar shi a nan ko kyauta ne. A jiharmu babur marar asali ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. Kowa ya san da me ɓarayin daji ke yawo. A 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, cikin matakan tsaron da aka ɗauka har da hana sayar da babura na hannu a kasuwar Charanci da hana goyon mutum uku. Babur da sunanka a takarda, a hannun wanda ba ka taɓa gani ba, in aka tsince shi inda bai kamata ba, ƙofar gidanku za a fara ƙwanƙwasawa, kai kana can, tsofaffinka ne za su amsa tambaya.

Ba ina cewa ba da babur kabu-kabu haramun ne ko duk masu yi mayaudara ne ba. Gidaje da yawa a garin nan da shi suke ci, kuma akwai waɗanda suka fara da babur ɗin wani yau suna da nasu. Amma masu yi da gaskiya sun san mai tuƙin, sun san mahaifinsa, akwai wanda ya tsaya mashi, an zauna gaban shaidu an rubuta nawa ne balas, wa ke gyara, me za a yi in an sace. Allah da kansa ya umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu a aya ta 282 cikin Suratul Baƙara. Mai cewa amana ta fi takarda, alhali kuɗinka ne zai tafi hannunsa, ka tambaye shi me yake gudu a cikin takardar.

Mu kuma na gida akwai namu. In ɗan'uwanka ya fi sakin jiki da baƙon murya a waya fiye da kai, ka binciki dalili. Wanda aka aiko wa kuɗi ya yi saye, ya nuna rasit ba sai an tambaye shi ba, ya faɗi canjin da ya rage ko naira ɗari biyar ce. Da haka ake toshe ƙofar da irin wannan mutum ke shigowa.

Mun kai ƙara wurin 'yan sanda, mun sanar da banki, an kuma ba mu shawarar rubuta koke ga hukumar EFCC, wadda ke da ofishi a Kano. Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta sa ya ɓoye. Ya sanar da bankin da aka tura kuɗin ta cikinsa a ranar, ya adana saƙonnin murya da shaidar turawa da hotunan rasit, ya wakilta wani nasa a nan ya kai ƙara. Kwana huɗun da ƙanena ya yi yana jiran waya ta kunnu sun ba mutumin isasshen lokaci. Ban sa suna ko hoto a nan ba, saboda sunan na ƙarya ne, hoton da ke shafin kuma ga alama na wani bawan Allah ne da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Inna ba ta san adadin kuɗin ba har yau, mun dai ce mata an ɗaga maganar auren zuwa baɗi. Shekaranjiya kuma ɗan Dauran nan ya turo mani wani sabon shafi da wani suna daban, yanzu har da keke Napep a cikin tallar, wai na musamman don 'yan'uwa mazauna Makka da Madina. Na buɗe bidiyon farko. Ƙofar ƙarfen nan ce mai shuɗin fenti, ga dogon bencin a gefe, muryar ma ita ce.