Katin asibiti a Zariya: na gwamnati ko na kamfani, wanne ya fi maka?

Tun watan Mayun 2022 da Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a takarda dai inshorar lafiya ta zama dole a kan kowa, amma mu mun san yanda abun yake, har yau sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita. Shi yasa in ciwo ya kwantar da mutum ɗaya sai ka ga an sa a guruf ɗin dangi ana karo-karo, wani lokacin har fili ya tafi. Toh in ka ce za ka yi kati, wanne za ka yi?

Na gwamnatin ma ai ba ɗaya bane. In kai ma'aikacin tarayya ne, ABU ko NITT (cibiyar fasahar sufuri) ko makarantar jirgin sama ta Palladan, kana cikin NHIA, wato tsohuwar NHIS da ta fara aiki a 2005. Tana ɗaukar ka da mata ɗaya da 'ya'yan cikinka huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, magani kuma kashi 10 kawai kake biya. A nan ne mutanenmu ke cin karo da bango, domin mai mata biyu da yara tara sai ya zauna ya yi lissafi, sauran sai an ƙara musu kuɗi daban, kuma dan Allah kar a ɗauki katin Amina a kai Hafsa, bayan rashin gaskiya fayil ɗin ma rikicewa yake, likita na duba tarihin wata yana rubuta wa wata magani. Ma'aikatan jiha da ƙananan hukumomi su kuma KADCHMA ce tasu, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna da aka kafa a 2018, kuma ɗan kasuwa ko tela ko mai Keke Napep shi ma zai iya shiga ya biya na shekara. Akwai GIFSHIP ta tarayya ga wanda ba ya albashi, ɗaliban manyan makarantu suna da TISHIP, sannan akwai asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta ware wa kashi 1 na kuɗin shigar tarayya saboda marasa ƙarfi, masu ciki da ƙananan yara da tsofaffi, a asibitin sha-ka-tafi na gunduma.

Arha kam akwai. Kuma babban abun da na gwamnati ya fi, ba a cika korar ka don kana da hawan jini ko suga tun kafin ka shigo ba. Amma fa sai ka sayi haƙuri. Layi tun bayan asuba, ka ga likita a ce maganin ya ƙare je ka kemis, ko a ba ka samfurin mai sauƙi ba wanda ka saba ba. Wani abun ba mugunta bane, tsarin ne haka, asibitin da ka zaɓa ana ba shi wani ɗan ƙayyadadden kuɗi ne duk wata a kan kowane kai, ka zo ko ba ka zo ba, toh in farashin magani ya tashi kuɗin bai tashi ba kai ma ka san wa zai ji a jikinsa. In kuma abun ya kai a tura ka wajen ƙwararre ko a yi aiki sai an jira lambar izini, duk da a 2025 NHIA ta ce kar bayar da ita ya wuce awa ɗaya. Ga yajin aikin likitoci, ranar da suka ajiye kayan aiki katinka ba zai buɗe ƙofa ba. Wankin ƙoda da ciwon daji kuwa ba a ɗauke su gaba ɗaya, kar wani ya ruɗe ka.

Na kamfani, irinsu Hygeia, AXA Mansard, Reliance, Avon, abun da kake saya a wajensu lokaci ne da ɗan jin daɗi, ka shiga asibitin kuɗi a duba ka ka fito kafin azahar. Sai dai ka karanta takardar da kyau kafin ka tura ko sisi. Kowane tsari yana da iyakar abun da za su kashe maka a shekara, tiyata da nata iyakar, kwanciya da nata, in ka haura sauran naka ne. Haihuwa a yawancin tsarin mutum ɗaya sai an yi watanni ana biya kafin ta shigo, wanda ya bari sai madam ta fara awo sannan ya ruga ya makara. Tsohon ciwo sau da yawa ko a cire shi ko a sa masa lokacin jira, tsofaffi kuma tsarinsu daban da tsada, kenan Baba da Inna da suka fi kowa bukata su ne suka fi wahalar shiga.

Abun da ni ya fi damu na shi ne jerin asibitocin. Za ka ga manyan sunaye reras, ka duba da kyau Legas ne da Abuja, kai kuma kana Tudun Jukun ko Hanwa. Mu a Zariya in ciwo ya yi tsanani, ko daga Gambo Sawaba ta Ƙofan Gayan ka taso ko daga asibitin kuɗi na Sabon Gari, galibi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika za a ce a wuce, can manyan likitocin suke. Toh ka biya kuɗi mai yawa ƙarshe ka zo ka zauna a benci ɗaya da mai katin gwamnati.

Masu kawo misalin Ingila da Amurka a musu, gaskiya ne Ingila na da NHS tun 1948 da haraji ake riƙe ta, Amurka kuma yawanci ta wajen aiki ake samun inshorar kamfani, amma namu gauraye ne, ko a NHIA ɗin ma kamfanonin inshorar lafiya da ake kira HMO ne a tsakiya suna bada izini. Wanda kuma zuciyarsa ke ɗar-ɗar ta ɓangaren addini ya tambayi malaminsa, na gwamnatin dai a kan taimakekeniya aka gina shi, kamar adashe ne da sai wanda ya kwanta yake kwasa.

Ni a gani na mai iyali da samunsa daidai-daidai ne ya fara da KADCHMA ko NHIA, ya ɗan ajiye wani abu a gefe saboda ranar da za a ce ba magani. Na kamfani ya dace da wanda wajen aikinsa ke biya masa, ko mai yawan zirga-zirgar Kaduna da Abuja. Ko wanne ne dai kar ka tsaya a bakin ejan, taka ka je asibitin da kake so da kanka, nemi teburin masu inshora ka tambaye su ko suna karɓar katin a yanzu haka, da dare da ƙarshen mako ma suna karɓa, kuma sai bayan kwana nawa da rajista zai fara aiki.