H4 ko L4 a tsohuwar Hilux mai giyar hannu

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana da Hilux ƙirar farkon shekarun 1990, injin dizal 2.8, giyar hannu mai lamba biyar, yana shiga ƙauyukan wajen Yusufari da kaya. In ya sa H4 cikin rairayi sai kuloci ya yi ta wari, L4 kuma an ce masa ba a taɓa shi sai mota ta kafe. Wanne zai bi?

Malam, wanda ya ce ka jira sai ka kafe bai taimake ka ba. Warin nan farantin kulocinka ne ke ƙonewa.

H4 da L4 ana sa su ne da ƙaramin hannun giya da ke kusa da babban. A duka biyun tayoyi huɗu ne ke ja, farfelar gaba da ta baya na juyawa tare. Bambancin kawai, L4 na rage gudun tayoyi ya ninka ƙarfinsu, sau 2.28 a yawancin waɗannan motoci, sau 2.57 a wasu. Ke nan lamba huɗu a L4 kusan daidai take da lamba biyu a H4, lamba biyu a L4 kuwa ta fi lamba ɗaya ta H4 ƙarfin ja. Kafin ko wanne ya yi aiki sai ka sauka ka murɗa makullan tayoyin gaba daga FREE zuwa LOCK, duka biyun. Ka manta ɗaya, gaban bai ja komai.

H4 na hanyar da ake ɗan gudu ne: burji, tsakuwa, rairayi marar zurfi, ƙasa mai santsi bayan yayyafi. In makullan na LOCK, kana iya shiga H4 mota na tafiya a hankali, sitiyari a miƙe. L4 kuwa sai ka tsaya cik, ka taka kuloci, ka ja ƙaramin hannun giyar ya wuce N, inda mota ba ta cikin giya, ba tare da ka yi jinkiri a tsakani ba.

Rairayi mai zurfi shi ne inda aka fi yin kuskure. Da kaya a baya, lamba biyu ta H4 ta yi wa injin nauyi, lamba ɗaya kuma ihu kawai yake yi. Sai direba ya riƙa danna rabin kuloci don kada injin ya mutu, can ƙonewar take. In ya ce zai canza giya, daƙiƙar da ya taka kuloci rairayi ya riƙe motar. A L4 giyoyin sun matsu kusa da juna: ka tashi da lamba biyu, ka shiga uku, ka ɗauke ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, ka riƙe totur daidai. Amma gaskiya iskar taya ta fi giya tasiri a nan. Rage ta zuwa psi 18 ko 20. In kaya ya yi nauyi kada ka yi ƙasa da haka, kuma ban da kwana mai kaifi, don taya na iya fita daga bakin rim. Da ka ji motar ta daina gaba, saki totur nan take. Ƙarin wuta rami yake haƙa maka har aksil ya zauna ƙasa. Sa ribas ka bi sawunka, in ta ƙi a ɗauko shebur.

Taɓon damina daban ne. Marar zurfi mai ƙasa da tauri, H4 lamba biyu ta isa. Laka mai danƙo ta fadama, L4 lamba biyu ko uku; lamba ɗaya ƙarfinta ya yi yawa, tayoyi za su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ka tuna yawancin motocin nan ba su da makullin aksil, wanda ke tilasta tayar hagu da ta dama su juya tare, don haka taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya na iya yin ta wulwulawa sauran biyun na tsaye.

Hawan dutse, gangara da ƙetare ƙorama ba gardama, na L4 ne. A gangara mai tsayi sa lamba ɗaya, bar injin ya riƙe motar, kada ka taka kuloci. A ruwa zaɓi lamba biyu tun kana gaɓa, kada ka canza a tsakiya, don in ka taka kuloci ruwa da laka na shiga tsakanin farantinsa. Bayan ka fito ka duba man aksil: in ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a juye shi.

Ƙarfin L4 na da tsada. Ka karya sitiyari har ƙarshe ka ba da wuta, taya ta wulwula ta cafki ƙasa mai tauri, gaɓar sandar aksil ta gaba ce za ta fashe.

Kan kwalta kuwa babu H4 babu L4, domin ba abin da ke raba gudun gaba da na baya a kwana. Farfela ta ɗaure, tayoyi su cinye. Koma H2, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, mayar da makullan FREE, cika iska. In ƙaramin hannun giyar ya ƙi fita, yi ribas na 'yan mitoci a miƙe, zai saki.