Masu tsofaffin littattafai na farfajiyar Vieille Bourse a Lille

Wanda duk ya zo Lille, a arewacin Faransa, yana son jin yadda talakawan garin suke magana da waƙa a da, to ya nufi farfajiyar Vieille Bourse, tsohon zauren 'yan kasuwa da aka kammala a 1653 a bakin Grand-Place, babban dandalin garin. Nan masu tsofaffin littattafai suke baza haja bayan azahar, ban da ranar Litinin.

Teburin da nake tsayawa na wani dattijo ne mai akwati guda cike da rubuce-rubucen Picard, yaren da mutanen nan suke kira ch'ti. A wurinsa na sayi tarin waƙoƙin Alexandre Desrousseaux, ɗan unguwar Saint-Sauveur, wanda ya yi P'tit Quinquin a 1853. Waƙar reno ce: mace matalauciya mai saƙar leshi tana lallashin ɗanta ya yi barci. Yau kowa a Lille ya san amshinta, har mutum-mutumi aka kafa mata a Square Foch, amma sai ka bi baitocin ɗaya bayan ɗaya kake jin talaucin da ke ciki, na uwar da aikinta ba zai ci gaba ba muddin yaron yana kuka. Wallahi ta taɓa mini zuciya.

Dattijon ya san kayansa. Shi ya nuna mini waƙoƙin François Cottignies, wanda ya rasu a 1740. Brûle-Maison ake ce masa, wato mai ƙona gida, don yakan cinna wa ɗan gidan takarda wuta ya tara jama'a, sannan ya rera waƙa yana zolayar mutanen Tourcoing, wani gari kusa da Lille, kamar dai wasan Katsinawa da Gobirawa. Akwai kuma Jules Mousseron, mai haƙar kwal daga Denain, wanda ya ƙirƙiro Cafougnette, ɗan barkwancin da ke cikin waƙoƙinsa.

Wasu littattafan takardarsu ta yi ja, ɗinkinsu ya saki, saboda haka a duba kafin a biya. Kuma a nemi bugun da ke da jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshe, domin Faransancin da muka koya a makaranta a Damagaram bai isa ya warware Picard ba. Ana ɗan yin ciniki, musamman in littafi ya wuce ɗaya. Farfajiyar a buɗe take, lokacin hunturu sai da rigar sanyi mai kauri.