Faralelisim na na'ura a Zinder: abin da yake gyarawa bayan an taɓa ƙafar mota, da abin da yake bari

Mota ta fito gareji da sababbin amortisa (masu shanye girgizar hanya) da rotil (gaɓoɓin ƙafa da na sitiyari), ba a yi kwana uku ba mai ita ya ga sitiyari ya karkace, ko tana jan shi dama in ya miƙe hanyar Mirya. Makaniki zai ce masa, "Alhaji, sai ka kai ta faralelisim." Faralelisim shi ne daidaita saitin tayoyin gaba. Gaskiya ya faɗa, amma da saura. Wannan bayani a kan wani wurin faralelisim ne mai na'urar kwamfuta a cikin garin Zinder, inda masu Corolla, Hilux da Hiace suka fi kai motocinsu bayan irin wannan gyara.

Aikinsu na farko ya cancanci yabo. Kafin mota ta hau kan rami, yaron shago yana auna iskar tayoyi huɗu da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. Ƙananan motoci irin Corolla suna shan wajen kilo 2,2, ainihin adadin kuma yana rubuce a jikin ƙofar direba. Masu faci da yawa suna cika taya har kilo 3, kuma bambancin rabin kilo tsakanin hagu da dama ya isa ya sa mota ta ja gefe ko da ƙafarta lafiya lau. Daga nan sai a ɗaga gaba da jak, a riƙe taya hagu da dama a girgiza don jin rotil na sitiyari, a riƙe ta sama da ƙasa don jin rotil na ƙasa da boris (ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu). In akwai wasa, maigidan wurin ba ya karɓar aikin, cewa yake a je a canza a dawo. Wannan ne ya fi komai daraja a wurin, domin ƙafar da ke wasa ba ta riƙe awo: a daidaita ta yanzu, ramin farko a hanya ya watsa aikin.

Suna kuma kulle sitiyari a tsakiya kafin su taɓa komai, sannan su juya sandunan sitiyari biyu daidai wa daida. Masu awo da igiya a bakin hanya sukan juya gefe ɗaya kawai don sauri, tayoyi su daidaita da juna amma sitiyari ya zauna a karkace.

Shi faralelisim kansa, wato yadda tayoyin gaba suke kallon juna ko suke baje baki, suna fitar da shi daidai. Kada a raina shi. Kuskuren milimita 3 tsakanin tayoyin biyu a bakin janti (ƙarfen taya) mai inci 15 kusan rabin digiri ne, ma'ana kowace taya ana jan ta a kaikaice wajen mita 4 a kowane kilomita. Daga Zinder zuwa Yamai, kusan kilomita 900, taya ta gurji kwalta a gicciye fiye da kilomita 3 ke nan. Shafa tafin hannu a kan zanen taya: in ya yi santsi ta gefe ɗaya, ya yi kaifi kamar haƙorin zarto ta ɗaya gefen, faralelisim ne ya cinye ta.

Inda wurin ya gaza shi ne nan aikin yake tsayawa. Allon na'ura yana nuna awo uku, su kuwa ɗaya suke gyarawa. Na biyu shi ne karosaj, jinginar taya ciki ko waje in ka tsaya gaban mota kana kallonta. Na uku shas, kwanciyar da sandar juyawar taya take yi baya, wadda ke maido da sitiyari tsakiya bayan kwana. Sau da yawa waɗannan biyu suna nan ja wur a allo, alamar sun kauce, a ƙyale su, a karɓi kuɗi. Alhali jan mota gefe daga gare su yake fitowa, ba daga faralelisim ba. Mota tana bin gefen da tayarsa ta fi jingina waje, ko gefen da shas ɗinsa ya fi ƙaranci, kuma bambancin da ya wuce rabin digiri tsakanin hagu da dama direba zai ji shi a hannunsa.

Me ya sa gyara yake ɓata su? A Corolla, amortisa na gaba yana haɗe da ƙafa da manyan kusoshi biyu, ramukansu kuma suna da ɗan sarari. In makaniki ya ɗaure gefe ɗaya taya na rataye waje, ɗaya gefen an tura ta ciki, karosaj ya bambanta. Gyaran minti ashirin ne: a sassauta kusoshin, a tura ƙafa ana kallon allo, a ɗaure, sannan a sake faralelisim, domin taɓa karosaj yana motsa shi. A Hilux, kusoshin tiriyangil na ƙasa (ƙarfen da ke haɗa ƙafa da jikin mota), masu washa a karkace, su ne ke saita karosaj da shas tare. Ƙura da ruwan damina suna sa su cije cikin silanblok (robar da kusoshin ke ratsawa), ma'aikatan wurin kuma ba sa son wahalar kwance su. Duk wanda zai canza tiriyangil ya sa a yi wa washar alama da fenti kafin a kwance, a shafa wa kusoshin giris kafin a mayar.

Akwai kuskuren da na'ura ba ta gani, kuma babu mai tambaya a kansa a wurin. Kusoshin silanblok ana yi musu ɗaurin ƙarshe ne mota tana tsaye bisa tayoyinta. In aka ɗaure su tana bisa jak, robar takan murɗe da zarar an sauke ta, mota ta tsaya sama da tsayinta, awon ya fito kore, wato daidai, yau, bayan ƴan makonni a hanyar Tanut roba ta yage, komai ya koma baya. Haka ma in an canza amortisa ɗaya ko sufirin ɗaya aka bar ɗan'uwansa: a sa mita daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota, in gefe ya ɗara gefe da fiye da santimita ɗaya, a fara gyara wannan.

Ba sa fita gwaji a hanya sai ka nema, to ka nema. A sami kwalta mai kyau, a yi gudun 60, a sassauta hannu. Ɗan zamewa dama a hankali ba laifi ba ne, gangaren kwalta ne. In ja ne sosai alhali allo ya yi kore, a musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama. In jan ya juya, taya ce, abin da ya zama ruwan dare ga tayoyin hannu na biyu. In bai juya ba, a taɓa janti bayan tafiya: wanda ya fi zafi birkinsa ne ke riƙewa. Rawar sitiyari a gudun 80 zuwa 100 kuwa aikin ekilibiraj ne, wato daidaita nauyin taya, kada a biya faralelisim saboda ita.

Ga wanda ya canza rotil na sitiyari ko kiremayar (ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyi) kawai, wurin ya wadatar, kuɗin aikin ma bai kai na taya ɗaya sabuwa ba. Wanda aka kwance wa amortisa ko tiriyangil ya je da makanikinsa da makullansa, ya tsaya gaban allo, ya tabbata samfurin motar da shekararta da aka zaɓa nasa ne, ya ce, "Maigida, a nuna mini karosaj da shas na hagu da dama." Ya ɗauki hoton allon da waya kafin aiki da bayansa, tunda takarda ba sa bayarwa.